Biyan kuɗɗi don shiga bakin teku, ya halatta?

Tambaya: Malam ni ɗan kasuwa ne nan Maradi, ina zuwa Lome ɗauko kaya, wannan karon da iyali za mu tahi. Akwai bakin teku na kyauta, akwai na wani otel da ake biya, ya hi tsabta amma ana saida giya ciki. Wani abokina ya ce biyan haramun ne tunda ruwa na kowa ne.

Amsa: Alhaji, Allah shi kai ku lahiya. Kallon teku halas ne, babu saɓani.

Abokinka da hadisin Abu Dawuda ya kahwa hujja, cewa musulmi sun yi tarayya cikin abu ukku, ruwa da ciyawa da wuta. Amma ba nan muhallinshi yake ba. Ruwan da ake nuhi shi ne wanda ba hannun kowa, kuma mai otel bai saida maka teku ba, kujera da inuwa da shara da mai gadi ka biya, wannan ijara ce, wato haya, kamar gidan wanka na tasha da kake biya ba wanda ya taɓa ce maka haramun. Ko ruwan kanshi, Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma da dukiyarshi ya yi waƙafinta ga musulmi, da ba a mallakar rijiya to mi ya saya? Malikiyyarmu ma sun ba mai rijiya cikin hilinshi damar saida ruwanta. Wanda ya katange gaɓar jama'a ba da izinin hukuma ba shi ne azzalumi, kuma zunubin na wuyanshi, ba na wanda anka tilasta ma biya ba.

Ni kalmar giya da ka sa ƙarshen tambayarka ita ta tsaida ni. Annabi (SAW) ya hana zama teburin da ake zagayawa da giya. In can nesa take, kuna gefenku, an yi sauƙi, in ko tsakiyar mashaya da tsiraici za ka zaunar da maiɗakinka da ɗiyanka, to ko kyauta ne kada ka shiga. Na kyautar ma ba shi tsira, maraicen lahadi cike yake da kiɗa, ku tahi da sahe ranar aiki.

Don Allah Alhaji riƙe hannun yara, tekun nan ba tabkin Madarunfa ba ne, igiyar ruwanshi na jan babban mutum. Kuma kada yawo ya ci muku la'asar, kuna da rangwamen ƙasaru.

Wallahu a'alamu.