Sanwic ɗin cuku da gasasshen kayan lambu: ana ciniki amma kuɗi basa taruwa

Wata 'yar'uwa ta turo min tambaya, tace tana gasa sanwic na cuku da kayan lambu a gida, 'yan gida da ƙawaye sukai ta yabawa har ta fara karɓar oda, yau wata 2 kenan ana ciniki amma duk sanda zata sake sayo kaya sai ta cika daga aljihunta. Wai ta ƙara farashi ne ko ta rage abin da take sawa a ciki?

Malama, dan Allah kar ki taɓa farashi tukuna, ki fara nemo ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Alamu sun nuna har yanzu da hannun girkin gida kike zuba kaya, shi kuwa hannun gida baya lissafi, so yake kowa ya ƙoshi.

Cuku shi ne mai cin kuɗi a wannan sanwic ɗin, yafi biredi da bota da kayan lambun tsada nesa ba kusa ba, kuma shi ne aka fi zubawa da ka. Yau ki sa giram 50, gobe mai oda ƙawarki ce hannu ya ƙara ya kai 80, kinga a sanwic 10 irin haka kin bada giram 300 kyauta, cukun sanwic 6 kenan ya tafi baki sani ba. Ki tsaida awo ɗaya, ki goga cukun ki rarraba shi tun kafin oda ta shigo. Ki sayi dunƙule ki goga da kanki, yawanci yafi gogagge na leda sauƙi kuma yafi narkewa da kyau don shi na ledan ana barbaɗa masa sitaci kar ya manne. In kin haɗa cuku iri biyu, mozarela da ceda, mozarela ya baki miƙewar nan kamar zare da kwastoma ke so, ceda ya baki ɗanɗano.

Sai kayan lambu, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Albasa da tattasai da tumatir kusan duk ruwa ne, in kika sa su a oben kan digiri 200 na minti 25 zuwa 30 sai su motse, wani lokacin nauyin ya ragu har kusan rabi, ga ɓawo da 'ya'yan da kika zubar tun wajen yanka. To ke da ɗanyen kilo kika yi lissafi alhali gasasshe kike sayarwa. Ki auna bayan gashi, ki raba kuɗin da kika kashe a kan wannan nauyin. Kuma kar ki kunna oben saboda oda ɗaya, gas ko lantarkin da zai gasa rabin tire shi zai gasa cikakke, ki gasa da yawa ki sa a firij, yana kai kwana 3 lafiya lau a rufe.

In kin haɗa komai, har bota da mai da takardar naɗi, masu gidajen abinci sukan so kuɗin kaya ya tsaya wajen kashi 30 cikin 100 na farashi, wato abin da ya ci miki ɗaya ki saida shi kusan uku, ragowar ne ke biyan wuta da kai kaya da wahalarki. Lokacin zaki gane ko farashin ne da matsala.

Abu ɗaya da yake damuna sosai shi ne kai oda nesa. Wannan sanwic ɗin daɗinsa a ci shi ƙaras-ƙaras ne da zafi, ana gasa shi da wuta kaɗan kaɗan minti 3 zuwa 4 kowane gefe, da kin rufe shi a roba tururi zai jiƙa biredin cukun ya daskare, wanda ya karɓa haka da wuya ya sake oda kuma bazai faɗa miki dalili ba. Ki naɗe a takarda, ki tsaya kan kwastomomin kusa dake tukuna.

Ki yi sati ɗaya kina aunawa kina rubutawa, sai ki turo min lambobin mu fidda farashin tare.