Fatsa a Madatsun Ruwanmu: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga kamun kifi na nishaɗi, wato fatsar da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai suke fita yi a ƙarshen mako ba don neman abin sayarwa ba. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu abokan aiki ne a Kano, mun yanke shawarar mu riƙa zuwa madatsar ruwa ta Tiga muna fatsa ranar Asabar. Da muka je sayen kaya, mai shago ya jera mana sanduna na ƙasar waje masu na'urar naɗe zare, wasu kuɗinsu ya tasam ma rabin albashi. Shin dole ne sai da irin waɗannan? Kuma wace irin ƙugiya da wane zare ya kamata mu saya? Daga wani ma'aikaci a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba dole ba ne, kuma shawarata ita ce kada ku sayi komai mai tsada sai kun san irin kifin da kuke nema, domin kifin ne yake zaɓar muku kaya. Wanda zai tsaya a bakin ruwa a Tiga, madatsar da aka kammala a 1974 a kan kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo, abin da zai fi cin karo da shi shi ne karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake buƙatar sandar rabin albashi.

Karfasa ƙaramin baki gare ta, tana kuma tsinkar abinci a hankali, saboda haka ƙaramar ƙugiya take so. A lura cewa lambobin ƙugiya a juye suke: lamba 10 ta fi lamba 6 ƙanƙanta, sai an tsallake lamba 1 an shiga 1/0 da 2/0 sannan girma yake tafiya tare da lamba. Ƙugiya mai lamba 8 zuwa 12, da siririn zaren roba mai kaurin milimita 0.25, da sandar gora mai tsawon kamu biyar ko shida, sun wadatar. Sai a ɗaura 'yar ƙaramar dalma a saman ƙugiya da kamar taƙi ɗaya, a sa guntun totuwar kara ko yankin tsohon silifa a kan zaren don ya yi yawo a saman ruwa, shi ne zai nuna muku lokacin da kifi ya taɓa. Tana ita ce abincin ƙugiya da ba ya ba da kunya, amma karfasa tana cin kwaɓaɓɓen gari da ɓargon burodi, tana kuma son shinge idan ya fito a farkon damina.

Tarwaɗa kuwa a ƙasan ruwa take kiwo, da gashin bakinta take laluben abinci, shi ya sa abu mai ƙarni kamar hanjin kaza ko yankan ƙaramin kifi ya fi jawo ta. Ita tana buƙatar ƙugiya 1/0 zuwa 4/0, da zare mai kaurin milimita 0.40 ko 0.50, da dalma mai nauyin da za ta zaunar da abincin a ƙasa. A nan ne na'urar naɗe zare take da amfani na gaske, domin tana ba mutum damar jefa ƙugiya nesa da gaɓa, kuma idan babban kifi ya fizga, tana sakar masa zare a hankali har ya gaji maimakon zaren ya tsinke. Idan kuna da yawa, ku haɗa kuɗi ku sayi sanduna biyu masu matsakaicin kuɗi ku riƙa karɓa-karɓa, sauran su riƙe gora. Bayan 'yan watanni kowa zai gane ko abin ya shiga ransa.

Abubuwa biyu ne masu shago ba su cika ambata ba. Na farko filaya mai dogon baki, don cire ƙugiya, musamman daga bakin ƙurungu, wanda ƙayoyinsa uku suke miƙewa su kafe, kuma sukarsu tana da raɗaɗi ƙwarai. Na biyu guntun siririyar waya da ake sawa tsakanin zare da ƙugiya a duk ruwan da yake da kifin tsage, domin haƙoransa suna datse zaren roba nan take. Game da lokaci kuma, daga asuba zuwa hantsi da daga la'asar zuwa faɗuwar rana sun fi albarka. A tsakiyar hunturu ruwa yana sanyi, karfasa tana rage ci, don haka kada ku yanke ƙauna idan fitar watan Janairu ba ta yi auki ba. Ku rage hayaniya a bakin ruwa, kada kuma inuwarku ta faɗa kan wurin da kuka jefa ƙugiya, domin ba banza Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma ba.

Tambaya: Mun ɗauki mota guda mun je wani tafki don yin fatsa, sai masuntan wurin suka tare mu suka ce ba za mu jefa ƙugiya ba sai mun ga sarkin ruwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ashe ruwa ba na Allah ba ne? Mu da ba sayarwa za mu yi ba, me zai sa a nemi mu da izini? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

Amsa: Alhaji, ruwa na Allah ne, babu ja a kan wannan, amma a ganina masuntan nan suna da gaskiya, kuma zan so ka dubi lamarin daga inda suke tsaye. Ku kun zo hutawa na yini ɗaya, su kuwa daga wannan ruwa suke ciyar da iyali, suke biyan kuɗin magani da na makaranta. A ƙarƙashin ruwan da kake gani shiru akwai kalli, wato ragar da aka shimfiɗa tun jiya da yamma, akwai mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, akwai gura, tarkon kifi, a gindin ciyawa, kuma kowanne da mai shi. Baƙon da bai san wurin ba zai jefa ƙugiyarsa ta sarƙe a kalli, ya fizga ya keta shi, ya koma gida bai ma san ya jawo wa wani asarar kwanaki ba. Sarkin ruwa shi ne ya san inda kowa ya kafa kayansa, ya san gurbin da aka hana taɓawa saboda kifi yana hayayyafa a ciki, ya san inda kada ko dorina suke. Ganinsa kafin a fara ba ƙasƙanci ba ne, kariya ce gare ku da su baki ɗaya.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, bai samu manyan kifayen da ake nunawa ba sai don ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada a sauran watannin shekara, Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masuntan Argungu, suna tsare dokar. Duk wanda ya yi sha'awar giwan ruwan da ake fitarwa a ranar biki, haƙurin masunta na tsawon shekara yake kallo.

Ban da al'ada akwai dokar hukuma. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da abubuwan fashewa da guba da wutar lantarki, ta kuma hana raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. Mai fatsa ba ya kusa da waɗannan laifuffuka, amma ya kamata ya sani cewa masunta sun sha ganin baƙin da suka zuba maganin ƙwari na Gammalin 20 a ruwa suka kashe komai, manya da ƙanana, shi ya sa ba sa sakin jiki da motar da ba su sani ba. Haka kuma manyan madatsu suna da hukumomin da suke kula da su, kamar yadda Tiga da Challawa suke ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma ba a yarda kowa ya matsa kusa da bangon madatsa ko bakin magudanar ruwa ba.

Abin da ya dace ƙungiya ta yi shi ne ta tura mutum ɗaya ko biyu kafin ranar tafiya, su gai da mai gari da sarkin ruwa, su faɗi adadinsu da abin da ya kawo su, su nemi a haɗa su da masunci ɗaya da zai yi musu jagora a biya shi ladansa. Wanda ya yi haka zai ga bambanci tun a fitar farko, domin abin da masunci ya sani game da ruwansu babu littafin da zai ba ka shi. Ku kuma ɗauki abin da za ku ci kawai. Idan karfasa ta fito da ƙwai ko 'ya'ya cike da bakinta, domin a baki uwar take renonsu, a mayar da ita nan take. Idan damina ta kankama kuka ga sheƙar kifin bargi ko ta yauni a cikin ciyawa, ku ƙyale wurin. Tsinkakken zare da leda kuma kada a bar su a gaɓa, suna harɗe ƙafar tsuntsu, dabbobin makiyaya kuma suna haɗiye ledar.

Tambaya: Ɗana ya shiga wata ƙungiyar matasa masu zuwa fatsa, yanzu har suna maganar hayar kwalekwale su shiga tsakiyar ruwa. Hankalina bai kwanta ba. In hana shi ne, ko akwai sharuɗɗan da zan gindaya masa? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, damuwarki tana kan hanya, kuma sharuɗɗa sun fi hani amfani, domin wanda aka hana yakan tafi a ɓoye. Sharaɗi na farko, wanda babu sassauci a cikinsa, shi ne rigar kariya daga nutsewa, a jiki kuma a ɗaure, ko da ya iya iyo. Ba mu manta da abin da ya faru a Ɓagwai ba a ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife a madatsar Watari aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, ko na Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, wanda ya ci gomman rayuka. A duka biyun lodi fiye da kima yana cikin abin da aka ɗora wa alhaki. Saboda haka matuƙin jirgi ɗan wurin ne zai faɗi adadin da jirginsa yake ɗauka, ba shugaban ƙungiya ba, kuma babu mai miƙewa tsaye don jefa ƙugiya ko ɗaukar hoto. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, don haka su fito kafin magariba. Da zarar hadari ya haɗo su nufi gaɓa, domin iskar farkon damina tana tayar da igiyar ruwa cikin 'yan mintoci, sanda mai tsawo a buɗaɗɗen ruwa kuma haɗari ce lokacin tsawa. A manyan tafkuna irin Kainji, wanda ya samu bayan gina madatsar a 1968, har yanzu akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa da suke fasa jirgi.

Akwai kuma haɗarin da ba ya bayyana a ranar, wato tsargiya. Ƙwayoyin cutar suna fitowa daga jikin ƙananan katantanwa da suke zaune a ruwa marar gudu mai ciyawa, su huda fatar wanda ya shiga, sai bayan makonni a fara ganin jini a fitsari. Ya riƙa tsayawa a kan tudu ko ya sa dogon takalmin roba, kada ya yi wanka a wurin, idan kuma ya ga alama ya je asibiti, domin akwai maganinta, praziquantel, kuma yana aiki. Sannan ki nemi sanin inda za su da lokacin dawowarsu, su kuma binciki halin tsaron hanya kafin su tashi, tunda wasu wuraren masu kyawun ruwa, kamar kewayen Shiroro, sun sha fama da 'yan bindiga.

Tambaya: Burina in kama giwan ruwa da ƙugiya. Yana yiwuwa a yankinmu? Kuma gaskiya ne wasu suna kamawa su sake? Daga wani ɗalibi a Garwa, Kamaru.

Amsa: Yana yiwuwa, ɗan'uwa, kuma kai ka fi mutane da yawa kusa da shi, domin kogin Faro da yake zuba a Binuwai ya yi suna har masu fatsa daga ƙasashen waje suna zuwa neman giwan ruwa da tsage a cikinsa, kamar yadda suke zuwa tafkin Nasser a Masar. Wannan kifi yana iya wuce kilo 100, kuma kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ne. Mafarauci ne, yana laɓewa a gindin duwatsu da wurare masu zurfi, ana samunsa da ƙaramin kifi mai rai ko kifin roba mai ƙyalli, da ƙugiya 6/0 zuwa 8/0, da zare mai ƙarfi da na'ura mai ɗaukar zare da yawa, kuma ya fi fitowa farauta da magariba da asuba. Ba aikin sabon shiga ba ne shi kaɗai, sai da jagora.

Sakin kuwa gaskiya ne, kuma ina goyon bayansa a kan manyan, saboda mafi girmansu yawanci mata ne, ɗaya takan zuba miliyoyin ƙwai, kuma shekaru ne suka kai ta wannan girma. Wanda ya yi niyyar saki ya matse 'yar ƙayar da ke bakin ƙugiyar da filaya tun kafin ya jefa don ta fita cikin sauƙi, ya jiƙa hannunsa kafin ya taɓa kifin, kada ya rataye shi ta baki ko ya sa yatsu cikin ramin numfashinsa da ke gefen kai, ya kuma kiyayi kaifin murfin kuncinsa da ƙayoyin bayansa. Sai ya riƙe shi a cikin ruwa, kansa yana fuskantar inda ruwa yake gangarowa, har ƙarfinsa ya dawo ya fizge da kansa. Kifin da aka ciro daga zurfi sosai wani lokaci cikinsa yana kumbura ya kasa nutsewa, irin wannan da wanda ƙugiya ta ji wa mummunan rauni ba sa rayuwa ko an sake su, don haka a tafi da su, a kuma ba jagoran da ya kai ku wurin kasonsa.