Tambayi Likita: Ƙiba, Rama da Bakin Mutane

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon yawancinsu a kan jiki suke: mai son ya ƙara, mai son ya rage, da wanda mutane suka dame shi da magana. Na zaɓi biyar, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Likita, saura wata biyu bikina. Ni siririya ce tun tasowata. Gwaggona ta ce ba za a kai ni ɗaki kamar sillen kara ba, dangin miji su ce ba a ciyar da ni a gida. Ta kawo min wasu ƙananan ƙwayoyi da maganin ruwa, wai sha-ka-fashe. Yau sati biyar ina sha, kumatuna sun fito, kowa sai yabawa yake. Amma ƙishirwa ta dame ni, kuma ina tashi fitsari da dare. In ci gaba? (Wata budurwa daga Kano)

AMSA: Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Kada ki ci gaba, amma kuma kada ki yanke shi yau ɗaya. Ki karanta amsar nan har ƙarshe kafin ki yi komai.

Ɗauko kwalin ko ledar ƙwayar ki duba. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe magunguna biyu ne. Na ruwan galibi za ki ga an rubuta cyproheptadine a jikinsa. Maganin ƙaiƙayi da mura ne, yana buɗe ciki yana kuma sa barci, shi ya sa mai shansa sai ci sai kwanciya. Ƙwayar kuwa yawanci dexamethasone ce, wadda masu kemis ke ce wa deksa, kuma ita ce ta fi tayar min da hankali. Magani ne mai ƙarfi da muke ba mai asma da numfashinsa ya sarƙe, ko mai kumburi mai tsanani, na 'yan kwanaki kuma da lissafi. Idan aka daɗe ana sha, yana tara ruwa da gishiri a jiki, yana kwashe kitse ya jibge a fuska da ƙeya da ciki, yana kuma cinye naman hannu da na cinya. Duk likita ya san waɗannan kamannin: fuska zagayayya tana sheƙi, wani tudu a bayan wuya, ciki ya turo, ƙafafu kuma sirara, sannan nankarwa mai faɗi mai duhu ta keto a gefen ciki da hamata. Wannan cikar kumatun da ake yaba miki alamar maganin ce ta fara bayyana.

Ƙishirwa da fitsarin dare na nuna mai yiwuwa sukarin jininki ya hau, domin deksa na yin haka. Yana kuma kawo hawan jini, gyambon ciki, rikicewar al'ada, raunin ƙashi, da rage ƙarfin garkuwar jiki. Akwai 'yan mata masu shekara ashirin da ɗoriya da ƙashin ƙugunsu ya lalace ta wannan hanya.

Dalilin da ya sa na ce kada ki yanke lokaci ɗaya shi ne, a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki sinadari irin wannan. In an wuce kamar sati uku ana zuba na waje, sai ta rage aiki. Aka tsayar da maganin kwatsam, jiki zai rasa na waje ya rasa na gida, sai jiri da amai da faɗuwar jini, wani lokaci har da suma. Ki je asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, ki tafi da magungunan a hannu, a auna sukari da jini, likita ya tsara miki yadda za ki riƙa ragewa har ki rabu da shi.

Gwaggo ba da mugunta ta yi ba. A wajenmu cikar jiki shaida ce cewa an kula da yarinya, kuma ba mu kaɗai ba ne: Efik na Kalaba sun yi suna da ɗakin da ake killace amarya a ciyar da ita kafin biki, a Muritaniya ma akwai al'adar ɗura wa 'yan mata madara. Ki samu mahaifiyarki ko wata yaya da Gwaggo ke jin maganarta, a nuna mata abin da na rubuta. In kina son ƙara jiki na gaskiya, fura da nono, ƙwai, wake, gyaɗa, kunun gyaɗa da madara da isasshen barci za su yi, sai dai a hankali.

TAMBAYA: Likita, ni ɗan kasuwa ne, shekarata 48, tsayina mita 1.72, nauyina kilo 98. Tumbi ya fito, abokai na ce min naira ta zauna. Ni dai ba na jin ciwon komai, sai minshari da iyali ke ƙorafi da gyangyaɗi a shago. Akwai matsala? (Wani Alhaji daga Gusau)

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Akwai abin dubawa. Lissafin da muke yi shi ne a raba nauyi da tsayi sau tsayi. Naka 98 a raba da 2.96, ya ba da 33. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin lalura. Amma ni na fi damuwa da inda kitsen ya zauna. Na ciki, wanda ke lulluɓe hanji da hanta, shi ya fi jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Ka samu igiya ka yanke daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka wajen cibiya ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin biyu ba su haɗu ba, ƙugunka ya wuce rabin tsayinka, wato ya wuce santimita 86 a wajenka.

Rashin jin ciwo kada ya ruɗe ka. Hawan jini na iya shekaru bai ce komai ba, wasu ranar da ɓarin jiki ya shanye ranar suke sanin suna da shi. Minsharin nan tare da gyangyaɗin rana ma ina zarginsa. Ka tambayi Hajiya ko takan ji numfashinka ya ɗauke cikin barci sannan ka farka da shaƙewa. In haka ne ka faɗa wa likita, lalura ce mai magani, kuma haɗari ce ga mai tuƙi.

Ba na cewa ka koma yadda kake kana saurayi. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, a wajenka kilo 5 zuwa 10, ya isa a ga sauyi a awon jini da na sukari. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, da aka ɗora su a kan rage kusan kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari.

Ka fara da abin sha, don nan ne ɓarnar 'yan kasuwa take. Kwalbar lemo mai rabin lita na ɗauke da sukarin da ya kai kusan giram 50, cokalin shayi goma sha biyu ke nan, kuma shi ne iyakar abin da aka yarda babba ya sha a yini guda. Ka ɗora shayin safe mai kauri, da zoɓo ko kunun aya da aka cika wa sukari, da wanda baƙo zai zo a sayo muku tare. Ka mayar da su ruwa. Tuwon dare in malmala uku kake ci ka koma biyu, daga baya ɗaya da rabi, a yawaita miyar ganye, kuma a ci da wuri. Tsire da balangu a zaɓi tsoka a bar kitsen. In masallaci ko kasuwa ba su wuce tafiyar minti ashirin ba, a ajiye mota. Abokai za su tambaya ko karayar arziki ce ta zo. Ka ce musu likita ne ya sa ka.

TAMBAYA: Ina ganin tallan shayin rage ƙiba a Facebook da TikTok, wai kilo goma a sati biyu. Wata kuma ta ce min akwai allura. Wanne ya fi? (Wata ma'aikaciya daga Kaduna)

AMSA: Malama, ki riƙe kuɗinki. Yawancin irin wannan shayi ganyen filasko ne da makamantansa masu sa gudawa, wasu kuma da maganin sa fitsari. Sikeli zai sauka saboda ruwa ya fita, kitse yana nan inda yake, ƙoda kuma ta sha wahala. An sha kama irin waɗannan kayan da aka ɓoye sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne abin da jiki ke ɗauka lafiya.

Allurar kuwa gaskiya ce. Sunan maganin semaglutide, ana sayar da shi da sunan Ozempic don masu ciwon suga, da Wegovy don ƙiba. A gwajin da aka yi, masu amfani da shi sun rage kusan kashi 15 na nauyinsu cikin makonni 68. Sai dai yana da tsada, yana sa tashin zuciya, bai dace da mai ciki ko mai neman ciki ba, akwai na jabu a kasuwa, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a shekara guda. Likita ne ke rubuta shi bayan bincike. Kada ki saya a hannun mai talla a waya.

TAMBAYA: Likita, haihuwata biyar, kuma bayan kowane jego jikina ƙaruwa yake. Yanzu maigidana na min gori a gaban yara, wajen biki ana min dariya. Na je asibiti da ciwon gwiwa, wata ma'aikaciya ta ce in je in rage ci tukuna. Na daina fita, na daina zuwa asibitin. Ba ni da halin zuwa gidan motsa jiki. (Wata uwa daga Maraɗi)

AMSA: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta taɓa ni. Abin da ma'aikaciyar nan ta yi miki ba daidai ba ne, kuma ina kira ga abokan aikina mu ji tsoron Allah a kan wannan. Mai ƙiba da ya zo da ciwo a duba ciwonsa. Gori bai taɓa rage wa kowa nauyi ba. Abin da yake yi shi ne ya kulle mutum a ɗaki ya raba shi da asibiti, kamar yadda ya faru da ke.

Ƙiba ba lalaci ba ce. Akwai gado, akwai ciki biyar da jiki ya ɗauka, akwai ƙarancin barci na mai raino, akwai wasu magunguna, har da allurar tazarar haihuwa ta wata uku da kan ƙara wa wasu mata nauyi. Akwai kuma jegonmu: kwana arba'in ana zaune ana ɗura kunun kanwa da gasasshen nama, in mai jego ba ta cika ba a ce ba a yi mata gata ba. Hutu da abinci mai kyau haƙƙin mai jego ne, amma kanwa gishiri ce, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mutanen da suka matsa miki ki ci jiya, su ne ke dariya yau. Ba ke kaɗai ba ce kuma, a ƙididdigar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da ƙiba.

Ba kya buƙatar gidan motsa jiki. Abin da ake so minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ƙaru amma kina iya magana, wato minti talatin sau biyar, kuma ana iya gutsura shi goma-goma. Ki zagaya tsakar gida da sassarfa bayan asuba kafin rana ta yi zafi, da kuma bayan la'asar. Don gwiwa, ki zauna a kujera mai ƙwari, ki miƙe tsaye ki koma ki zauna sau goma. Sannan kina zaune ki miƙe ƙafa ɗaya, ki ƙirga biyar, ki sauke. Wannan na ƙarfafa naman cinya da ke riƙe gwiwa. Kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu na nauyi a kowane taku. Ko sikeli bai motsa ba a watan farko kada ki karaya, zuciya da sukarin jini suna amfana tun daga makon farko.

Ki koma asibiti, ko da wani ne daban, a duba gwiwar a auna jini da sukari. Maigida kuma, in za a karanta masa wannan: Malam, jikin nan 'ya'yanka biyar ya ɗauka. Ka daina gorin, ka raka ta asibiti, ka kuma tashi ku yi zagayen tare.

TAMBAYA: Ni kuma ramewa nake ba tare da na rage ci ba. Cikin wata huɗu wandunana duk sun yi min yawa, har an fara tsegumi a unguwa. (Wani matashi daga Bauchi)

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ba ta jira. Rama ba dalili, musamman in ta kai kashi 5 cikin ɗari na nauyi a wata shida zuwa shekara, sai an bincika. Abubuwan da za a fara dubawa su ne ciwon suga, tarin fuka, ƙanjamau, da yawan aikin 'yar halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura ake ce wa maƙoƙo. Ka lura ko kana tarin da ya wuce sati biyu, gumin dare, zazzaɓin yamma, gudawa, yawan ƙishirwa ko bugun zuciya da sauri, ka faɗa wa likita duka. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, haka maganin ƙanjamau, kuma sakamakon sirri ne tsakaninka da likita. Kada wani ya ba ka maganin ƙiba don rufe bakin mutane, domin deksa a jikin mai tarin fuka da ba ya kan magani ƙara rura cutar yake. Ka je a cikin makon nan.