Sabon kafireto a jikin tsohon babur: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan kafireto suka zo, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, don haka na zaɓi huɗu na taƙaita su.

Tambaya daga Misfala, Makka: "Baba, barka da aiki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini Honda CB350 ƙirar 1972. Ya fi shekara goma a jingine. Na tayar da shi amma ba ya amsa totur, bakanike ya ce robar saman kafireto biyun ta yage. A sina'iyya, unguwar masu gyara da sayar da kayan gyara, an nuna mini kafireton Mikuni VM30 da VM34, aka ce babban ya fi gudu. Na kuma ga masu kama da su a intanet, kuɗinsu bai kai rubu'i ba. Wanne zan saya?"

Ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Kafin ka fitar da riyal ko ɗaya, koma wajen bakaniken nan ku buɗe kafireton kamfanin Keihin da babur ya zo da su. Irin waɗanda iska ke ɗaga wa fistin ne: kai kana murɗa totur, ita kuma robar nan ta sama ita ke ɗaga fistin ɗin kafireto gwargwadon yadda inji ke zuƙa. Idan ta huje ko da kamar bakin allura, fistin ba zai tashi ba, babur ya yi ta nishi. Har yau ana sayar da robar. In jikin kafireton lafiya lau yake, gyara shi ya fi maka, domin Honda sun riga sun auna shi da wannan injin tun daga masana'anta, aikin da kai zai ci maka makonni. In kuwa ka tarar ciki ya ci, farin gari ya toshe hanyoyin mai, to a nan ne sayen sabo ya zama dole.

Idan ta kai ga haka, ɗauki VM30. Injinka 325cc ne, silinda biyu, wato kowace tana da kusan 162cc. Kafireto ba shi da famfo. Gudun iskar da ke ratsa maƙogwaronsa shi ke tsotso mai daga kwanon ƙasa. Ka tuna tiyo: in ka danne bakinsa da yatsa ruwa ya yi tsartuwa, in ka saki ya zubo a sanyaye. Maƙogwaro mai faɗin milimita 34, irin na VM34, a kan ƙaramar silinda haka yake, iska ta bi a hankali, mai ya ƙi tasowa, ka buɗe totur a danja babur ya shaƙe. VM34 an fi sa wa Yamaha XS650, wanda silindarsa ɗaya ta kai girman injinka gaba ɗaya. Mai shagon da ya ce babba ya fi gudu yana maganar ƙarshen totur ne kawai, kai kuwa tsakanin Misfala da titin Mansur sau nawa za ka kai totur ƙarshe?

Masu arahar nan kuma, araha ba ta ado. Daga waje ba ka bambanta su, a ciki matsalar take. Lambar da ke jikin jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da ke auna man da ke wucewa, ba ta dace da ramin ba, allurar da ke buɗe wa mai hanya in an murɗa totur ba lamba, guda biyu daga kwali ɗaya kowanne da halinsa. A babur mai silinda ɗaya kana iya lallaɓawa har ka dace. A naka mai biyu, silinda ɗaya za ta sha mai da yawa ɗaya ta ji ƙishi, kuma ba ka da lambar da za ka dogara da ita ka gyara. Ka sa mai shago ya kwance kwanon ƙasa a gabanka. Jet ɗin Mikuni na asali yana da ɗan tambari mai kusurwa huɗu kusa da lamba. In ya ƙi buɗewa, ka yi masa sallama.

Ka kuma sani kuɗin kafireto ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Akwai wayar totur mai rabuwa biyu, da robar manifol, mai haɗa kafireto da inji, wadda ta dace, da jet manya da ƙanana kamar uku-uku na kowanne, saboda yawancin VM ana sayar da su ne da saitin babur mai hayaƙi, irin wanda ke ƙona man inji tare da fetur. Tsofaffin Keihin ɗin kuma ka wanke su ka adana a kwali. Kayan mahaifinka ne, kuma duk ranar da aka zo kimanta baburin za a tambaye su.

Tambaya daga Madina: "Malam, ina da tsohon CG125 ɗan Japan, da shi nake zuwa aiki. Na sa masa sabon kafireto. Tun daga nan ba ya tsayawa a silo, kuma da na ɗan taɓa totur sai ya yi tari. Sau uku ina canza babban jet, babu canji. In sake sayen wani kafireton ne?"

Ƙanena, kada ka sake saye. Inda ke ciwo daban, inda kake shafa wa magani daban. Babban jet ba ya fara mulki sai totur ya wuce kashi uku cikin huɗu. Daga rufe zuwa wajen rubu'i, ƙaramin jet ne da sukurun iska ke aiki. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce da bututun da take shiga. Damuwarka duk a ƙasa take.

Amma tun kafin ka taɓa ƙaramin jet, akwai abin da nake roƙon kowa ya yi, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa. Saita bawul inji yana da sanyi. Duba taimin, in mai kwantak ne ka duba tazararsa. Sa sabon fulogi. Sannan ka ta da inji ka fesa ɗan maganin wanke kafireto a kan robar da ta haɗa shi da inji, nesa da salansa mai zafi. In ƙarar inji ta sauya, iska na sata ta nan. An taɓa kawo mini babur da aka yi wata guda ana canza masa jet, mai shi har ya fara neman mai saye. Tsaga ce a ƙasan robar manifol, inda ido ba ya kaiwa. Zafin ƙasar nan yana busar da roba da wuri, kuma sabon kafireto sau da yawa bakinsa bai yi daidai da tsohuwar roba ba, a ɗaure da ƙarfi a ce ya zauna. Bayan wannan ka duba tsayin fulot, abin da ke yawo a kan mai a cikin kwano yana tsai da shigarsa, domin in man da ke kwano ya yi ƙasa ko ya yi sama, duk sauran awo ya tashi a banza.

To sai saiti. Manna farin tef a hannun totur, ka yi alama a rubu'i, rabi, kashi uku cikin huɗu da ƙarshe, don ka san wane sashe ne ke magana. Zagaya minti goma inji ya ɗau zafi. Nemi sukurun gauraya ka lura da inda yake. In yana ɓangaren matatar iska, na iska ne, kwance shi na rage mai. In yana ɓangaren inji, na mai ne, kwance shi na ƙara mai. Mutane da yawa a nan suke ɓata, su yi ta juyawa baibai. Ɗaure shi a hankali har ya taɓa, kada ka matse don bakinsa siriri ne, sannan ka kwance zagaye ɗaya da rabi. Daga nan ka riƙa juya rubu'in zagaye kana jira kana saurare, har ka sami inda inji ya fi sakewa, sai ka sauko da silo da sukurun silo. A na iska, in wurin daɗin bai kai zagaye ɗaya ba, ƙaramin jet ya yi kaɗan. In ya haura biyu da rabi, ya yi yawa.

Babur yana faɗin abin da ke damunsa. In mai ya yi masa kaɗan, za ka saki totur ya daɗe bai sauko ba, salansa na tas-tas, kuma da ka ɗan ja cok sai ya gyaru. In mai ya yi yawa, zai tashi da asuba ba cok, ya yi nauyi in ya ɗau zafi, fulogi ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Allura tana da tsagi, yawanci biyar. Ka sauko da kilif ɗin da ke riƙe ta a tsagin, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Ka hau da shi, mai ya ragu. Babban jet shi ne na ƙarshe, kuma daga babba ake farawa a sauko, a hanyar da ba jama'a, da hular kwano a ka. Abu ɗaya za ka canza a kowane gwaji, ka rubuta a takarda. Wanda ya canza biyu a tare, ko ya dace bai san me ya gyara ba.

Tambaya daga Jidda: "Malam, shekarata sittin da biyu. Ina da Triumph Bonneville na 1970, na sa masa sababbin kafireton Amal biyu. A Jidda kamar agogo. Amma in na hau Ɗa'ifa ta hanyar Hada, sai ƙarfi ya ragu, fulogi ya yi baƙi. In sayi ƙananan jet?"

Alhaji, ranka ya daɗe, babu abin da ya lalace. Jidda tana bakin teku, Ɗa'ifa kuwa ta kusa mita 1,900 a sama. A wannan tsayin iska ta ragu da kamar kashi ɗaya cikin shida, kafireto kuma bai san an hau dutse ba, gaurayar sai ta yi nauyi da mai. Ƙarfin da ya ragu, mafi yawansa rashin iskar ne, kuma babu jet ɗin da zai maido da ita.

Shawarata ta rataya ne a kan inda baburin ke kwana. In ziyarar Juma'a da Asabar ce, ka bar shi yadda yake, ka riƙe fulogi biyu da sifana a jaka. Baƙin fulogi goge shi ake yi. Abin da nake tsoro shi ne ka rage jet a sama, ka manta, ka gangaro cikin zafin Yuli ka buɗe wuta a babban titin Makka zuwa Jidda da gauraya mai ƙarancin mai. Injin da iska ke sanyaya shi yana dogara da wannan ɗan rarar man don ya huce, in ya rasa, kan fistin ke hujewa. In kuwa bazara gaba ɗaya za ka yi a can, rage babban jet mataki ɗaya, in tsakiyar totur na nauyi ka sauke allura tsagi ɗaya, duka kafireto biyun daidai wa daida, ka ɗaura takarda a kan tanki don ranar saukowa.

Wajen saye, jet ɗin Amal za ka nema. Amal suna lamba ne da yawan man da ke wucewa, Keihin kuma da faɗin rami, don haka lamba ɗaya a kamfani biyu ba abu ɗaya ba ce. Har yanzu ana ƙera Amal a Ingila, kayansu suna samuwa.

Tambaya daga Jarwal, Makka: "Kawu, ƙanena yana so in ba shi kuɗi ya cire akwatin iska na baburinsa ya sa 'yar matata mai kamar mazurari. Ya ce in ya koma shan 95 maimakon 91 komai zai daidaita. In ba shi?"

'Yata, ba shi kuɗin sabuwar matata ta cikin akwatin, ta fi masa amfani. Mazurarin nan yana ƙara iska, dole a sake saitin jet daga farko, kuma masu arahar ba sa tare ƙurar Hijaz, ita kuwa ƙura in ta shiga silinda ringi take ci. Batun 95, lambar tana nuna juriyar fetur ne ga fashewa kafin lokaci. Ba ta ƙara mai ba ta rage iska, saboda haka ba ta gyara saiti. Ki kuma gaya masa in zai ajiye baburin fiye da mako biyu, kamar lokacin aikin Hajji, ya rufe famfon tanki ya kwance sukurun ƙasan kwano man ya tsiyaye, don fetur ɗin da ya bushe a ciki ƙaramin jet yake fara toshewa.