'Yata na karanta littafin gawa mai shan jini, in ƙona shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. 'Yata mai shekara 17 tana ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Ƙawarta ta ara mata wani littafin Faransanci, labarin ɗalibai masu koyon binciken gawa a wani tsohon gidan sarauta a Romaniya. Ana ta tsintar gawarwaki ba ɗigon jini a jikinsu, mutanen gari na cewa wani basarake ne ya taso daga kabari. Tunda ta karanta take cewa ita binciken gawa za ta yi. Babanta ya ce littafin mayu ne, in ƙona shi. Me kike gani?
Maman 'yan biyu, Yelwa, Garwa

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki ƙona, littafin aro ne ma, amana ce a hannunta. Ga hujjar da za ki kai wa Alhaji.

Basaraken da ake nufi ya taɓa rayuwa. Sunansa Vlad, ya mulki Walakiya, cikin Romaniya ta yau, a ƙarni na 15, kuma ya yi ƙaurin suna wajen tsire abokan gabansa a kan itace. Mugun sarki ne, ya mutu kamar kowa. Wani marubuci ɗan Ayalan, Bram Stoker, shi ya ari laƙabinsa na Dracula a 1897 ya liƙa wa gawa mai shan jini da ya ƙaga a littafinsa.

Shi kuwa tsoron gawa mai tashi, da gaske ƙauyawan Turai sun yi shi. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo na Sabiya, mutane suka riƙa mutuwa a jere bayan rasuwar wani mutum, Petar Blagojević. Aka tone shi, aka ga alamar jini a bakinsa, aka soke shi da itace, aka ƙone. A farkon 1732 wani likitan sojan Ostiriya, Johann Flückinger, ya sa hannu a rahoton tone kaburbura a ƙauyen Medveđa, har shi ya yarda da camfin. Sai a 1755 sarauniyar Ostiriya, Maria Theresa, ta ɗora wa likitanta, Gerard van Swieten, binciken lamarin. Ya ce jahilci ne da tsoro, ita kuma ta hana tone-tonen.

To me suka gani a kaburburan? Abin da ɗalibin binciken gawa ke koya tun da wuri. Ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji suna ci gaba da aiki bayan mutuwa, iska ta taru, ciki ya kumbura, sai ramammen mutum ya zama kamar ya yi ƙiba. Iskar nan ce ke turo jan ruwa ta baki da hanci. Fata na bushewa ta ja baya, farce da gashi su yi kamar sun ƙara tsawo. In an soki ƙirji iska ta fita ta maƙogwaro da ƙara, su ce gawa ta yi nishi. Ga sanyin ƙasarsu da ke jinkirta ruɓewa. Mu da muke yi wa mamaci sutura a ranar da ya rasu, cikin zafin Garwa, ba ma tone kabari, shi ya sa camfin nan bai samu gindin zama a wurinmu ba.

Amma muna da namu, kuma shi ya fi ci mini rai. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare, yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa maƙwabciya. Kafin la'asar an ce ta kama masa kurwa, an jawo ta ta tsallaka shi. Na ga irin wannan da idona a wata unguwa a Marwa lokacin bazara. Da aka kai yaron asibiti sanƙarau ne, ya warke da allurai, ita kuwa baiwar Allah har ta bar duniya ba mai sayen ƙosanta. Sihiri gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace shi, amma ɗora wa mutum maita ba hujja zalunci ne. Kuma a Kamaru zargin ba wasa ba ne, sashe na 251 na dokar laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 kan maita. Wanda zai iya duba majiyyaci ko mamaci ya ce ga abin da ya same shi, cuta ce ko guba ko duka, yana tsare mutuncin marar laifi, yana kuma tona asirin mai laifi. In har nan littafin ya karkatar da zuciyar 'yarki, ni dai na yi murna.

Abu biyu zan ja kunnenki a kai. Irin waɗannan littattafan na matasa ba sa rasa soyayya, wasu kan wuce gona da iri, don haka ki sa yayarta ko wata malama da kika yarda da ita ta duba shi. Sannan jarrabawar bak ta gama sakandare na gabanta, karatun labari ya tsaya ga ranakun hutu, ba cikin dare ba.

Ki faɗa mata aikin ba kamar na littafi ba ne. Sai ta fara zama cikakkiyar likita, akwai tsangayar likitanci a nan Garwa da kuma Yawunde, sannan ta ƙara shekaru na ƙwarewa. Akwai wari, da tsayuwa gaban alƙali, da dangin mamaci masu jira a ba su gawa kafin azahar. A Romaniyar da ta burge ta ma, wani likita, Mina Minovici, ya buɗe cibiyar binciken gawa a Bukares tun 1892, ta nemi tarihinsa.

Alhaji kuma, ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki tambaye shi: in Allah Ya kawo dalilin da hukuma ta ce dole a duba gawar mace daga gidanmu, wa zai fi so ya duba ta, namiji baƙo ko likita mace Musulma da ta san haƙƙin mamaci? Ki bar shi ya amsa da kansa, daga baya yarinyar ta ba shi labarin littafin da bakinta.