Amsa: NES tana kifta jar wuta, gem ya ƙi tashi

Wato NES ɗinka, na'urar gem ta Nintendo, sai jar wutar ta riƙa kiftawa, gem baya tashi sai ka hura kaset ɗin? Malam yawanci datti ne a haƙoran kaset, ka samo sifirit na isopropyl da audugar goge kunne ka goge su sosai har audugar ta daina yin baƙi, ka bari ya bushe kafin ka saka. Hurawar nan kuma ka daina, danshin baki ke jawo tsatsa.

In ka goge bata daina ba to fil 72 na soket ɗin da kaset ke shiga a cikin na'urar ne suka saki saboda yawan danna kaset ƙasa, shi yasa cip ɗin 10NES mai tantance kaset yake ta kashe na'urar yana sake kunna ta. Ni da allura na ɗaɗɗago nawa a hankali, amma in hannunka na rawa gara ka sayi sabon soket ɗin.