Ku Tambayi Hajiya: Maigidana Yace Ba Ni Da Tawakkali

Salamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan watan sun yi yawa, na ɗauki uku, dukkansu daga nan Kumasi, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA

Hajiya barka da war haka, dan Allah ki ba ni shawara. Ni ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da safe a Aboabo, maigidana kuma yana tuƙa pragya ta wani, wato keken haya mai ƙafa uku. Mun daɗe muna zubin adashi, wata mai zuwa ne kwasarmu, kuma tun farko mun shirya mu biya kuɗin ɗaki sannan abinda ya rage in ƙara tukunya ɗaya. To yanzu wani abokinshi ya nuna mishi wani kamfani a waya, wai kana tura kuɗi ta momo, wato asusun kuɗi na waya, su kuma duk sati suna turo maka riba, kuma wallahi na ga saƙon kuɗin da idona a wayar abokin, ba ƙarya bane an turo mishi. Maigidana yace mu zuba duka, wata huɗu kuɗin ya ninka. Ni dai zuciyata bata kwanta ba, da na faɗa mishi sai yace kullum ni mugun fata nake yi, ba ni da tawakkali shi yasa bama ci gaba. Tun ranar baya sakin fuska. Hajiya ni ce mai laifi?
Ƴarki daga Aboabo

AMSA

Ƴata baki da laifi ko kaɗan, kuma kar ki bari a taɓa kuɗin ɗakin nan. Wannan na fara faɗa saboda shi ne mai gaggawa.

Saƙon da kika gani a wayar abokin gaskiya ne, an turo mishi, ni ban musa ba. Amma kuɗin wa aka turo mishi? Haka irin wannan harkar take tafiya, kuɗin wanda ya shiga yau shi ake gutsura a ba wanda ya shiga jiya a ce riba ce, shi kuma na jiyan ya zaga unguwa yana nuna waya, mutane su ƙara shiga, to muddin sababbi suna shigowa komai lafiya lau, ranar da suka ragu ko masu abin suka ga tulin ya isa sai a wayi gari ba a iya cirewa, a ce wai ana gyaran na'ura ku jira sati ɗaya, satin da baya zuwa kenan. Biyan farko shi ne tallansu. Abokin maigidanki ma wataƙila bai san ana talla da shi ba, kar ki ɗauke shi maƙiyi.

Mu a ƙasar nan ai ba labari muka ji ba. Kamfanin Menzgold suna da ofis masu kyau, suna da manyan allunan talla da taurari suna yabonsu, suna cewa zinari suke juyawa suna biyan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari duk wata, kuma sun yi ta biya na wani lokaci, har watan Satumba 2018 hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta dakatar da su saboda basu da lasisin abinda suke yi. Shugaban kamfanin Nana Appiah Mensah ya gurfana a kotu, mutane da yawa kuma har yau basu ga kuɗinsu ba, cikinsu akwai ƴan fansho da masu kuɗin aure da kuɗin makaranta. Kafin su akwai DKM na Sunyani da ya rushe da kuɗin manoma da ƴan kasuwa wajajen 2015. A watan Mayu 2019 Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a tashi ɗaya. Waɗannan duka suna da ƙofa da za ka je ka ƙwanƙwasa. Naku ɗin nan fa, in ya ɓace daga waya ina za ku je, wa za ku riƙe?

Ki zauna da shi ku yi lissafin da kanku. In kuɗi yana ninkawa duk wata huɗu, sidi 1,000 ya zama 2,000, ya zama 4,000, kafin shekara ta zagayo ya zama 8,000. Ke da kike tashi kafin asuba ki hura wuta, ki wanke shinkafa da wake, ki soya kifi ki tsaya kan soyayyen yajin shito har idonki na ruwa, kin san abinda buhun shinkafa ɗaya yake barin miki bayan kin cire itace da mai da ganye da kuɗin yarinyar da take tayaki. Wace sana'a ce a duniya take ninka jari sau takwas a shekara ba fashi, ba ranar ruwan sama ba ranar da kasuwa ta mutu? Kuma wanda ya iya wannan me zai yi da kuɗin adashin mai waakye, ai bankuna ne za su bi shi har gida.

Maganar tawakkali kuwa ta taɓa ni sosai, saboda ana yawan rufe bakin mata da ita. Wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ya dogara ga Allah ko ya sake ta ya dogara, aka ce mishi ya ɗaure ta sannan ya dogara, hadisin yana cikin Tirmizi. Tambayar da kike yi, su waye, ina ofis ɗinsu, me suke saye me suke sayarwa, suna da lasisin Bankin Ghana ko na SEC, ita ce ɗaurin. Hukumomin nan biyu suna fitar da sunayen waɗanda suka ba lasisi, ku sa wani yaro mai ilimi ya duba muku. Sannan ku tambayi malamin da kuka yarda da shi hukuncin kuɗin da aka yanka maka riba tun kafin a yi ciniki, ba ruwanka da asara.

Amma ƴata ki saurare ni nan, maigidanki ba mugu bane kuma ba wawa bane. Mutum ne da ya gaji. Ya fita tun safe yana shaƙar hayaƙi tsakanin Aboabo da Asawase, da yamma ya cire kuɗin mai ya cire na mai keke, abinda ya rage a hannunshi bai kai ya kawo ba, irin wannan mutumin in aka nuna mishi ƙofa dole zuciyarshi ta tashi. Burin da yake da shi na ku fita daga wannan halin abu ne mai kyau, gidan da ba mai irin wannan burin baya motsi, kar ki kashe mishi shi. Kar ki ce mishi za a cuce ka, balle a gaban abokin ko gaban yara. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ki ce Alhaji ni ma so nake mu ci gaba, me zai hana mu sa ido kan keken kanka? Akwai tsarin nan da ake ba mutum keke yana aiki yana biya har ya zama nashi, shi ma sai an karanta takarda da kyau, amma aƙalla abu ne da za ku gani ku taɓa ku kwana da shi a ƙofar gida. Ki ba burin nashi wurin sauka.

In ya kafe sai ya gwada, to kuɗin ɗaki da jarin tukunyarki su fita daga maganar, ya ɗauki abinda in ya tafi gobe za ku ci tuwo ku kwana a ɗakinku. Ni dai ko hakan raina baya so, don ribar da zai karɓa kuɗin wata baiwar Allah ce irinki. Kuma ki roƙe shi kar ya jawo kowa ciki, kar ya ba kowa lambar sirrin momo ɗinshi ko hoton katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card. Allah ya daidaita tsakaninku.

TAMBAYA

Hajiya ina wuni. Ni tela ne a Asawase, maigidana ya yaye ni tun bara kuma ina da keken ɗinki nawa da ɗan kuɗi da na tara, amma har yanzu ina zaune a shagonshi yana ba ni abinda ya samu. Kowa cewa yake in buɗe nawa. Ni kuma da na tuna gobarar kasuwar Kejetia da ta Adum sai jikina ya mutu, na san wanda ya kwana da shago cike ya tashi ba ko allura. Ga kuɗin haya shekara biyu da ake nema. Kuɗin suna nan a ɗaki cikin akwati ban taɓa ba. Wai tsoro ne ko hankali?
Ɗanka a zango

AMSA

Ɗana akwai hankali a ciki amma tsoron ya fi yawa, kuma zan gaya maka dalili. Gobarar gaskiya ce, ta Kejetia a watan Maris 2023, ta Adum a Maris 2025, ga ta Kantamanto a Accra farkon shekarar 2025 da ta cinye yawancin kasuwar, ba wanda zai ce maka ka manta. Sai dai kana ganin akwatin nan kamar ba abinda yake cin shi, alhali yana da nashi maciyin. A watan Disamba 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, wato kayan da aka saya sidi 100 a ƙarshen 2021 sun koma wajen 154, duk wanda ya rufe kuɗi a ɗaki a wannan shekarar ya buɗe ya ƙirga ya same su cif amma zare da yadin da za su saya mishi sun ragu sosai. Ga ɓarawo, ga ɗan uwa da zai zo da matsala ka kasa hana shi, kuma gidan haya ma yana kamawa da wuta. Zaman da kake yi ma kasada ce, kawai dai bata da ƙara.

Ba sai ka fara da shagon shekara biyu ba. Dokar haya ta 1963 ma wata shida ta yarda a karɓa gaba, duk mun san masu gida basa bi, amma sanin hakan yana ba ka bakin ciniki, kuma ko nawa ka biya ka karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce da shaidu, kar ka yarda da ai mun san juna. Ka nemi baranda ko ƙaramin kiyos ko ka raba shago da wani, ka fara kafin azumi lokacin da kowane tela yake korar aiki, ka karɓi rabin kuɗi kafin ka sa almakashi, kuma kar ka karɓi ɗinkin da ka san ba za ka gama ba kafin daren sallah, sunan tela a zango a wannan daren yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Game da wuta, ka kira mai gyaran lantarki na gaske ya duba wayoyin kafin ka shiga, ba yaron da zai murɗa waya biyu ya naɗe da leda ba. Dutsen guga ka zare shi daga soket da hannunka duk dare, musamman in an ɗauke wuta kuna cikin aiki, a nan ake mantawa a rufe a tafi, wuta ta dawo cikin dare. Shadda da leshin mutane masu tsada ka riƙa tafiya da su gida. Kuɗin ma kar ka zuba duka a shagon, ka bar na cin wata biyu ko uku a banki mai lasisi. Annabi Yaƙub da zai tura ƴaƴanshi Masar cewa yayi kar su shiga ta ƙofa ɗaya, su shiga ta ƙofofi daban daban, kuma a nan take yace ga Allah ya dogara, bai hana su tafiyar ba.

Ka je ka sami maigidanka ka nemi albarkarshi, ka gaya mishi watan da kake son tashi. In ka sa rana a gaban babba za ka ji nauyin ɗagawa.

TAMBAYA

Hajiya mahaifiyata ta daɗe tana ciwon kai da jiri, an taɓa gwada ta aka ce jininta ya hau, ta sha magani wata ɗaya ta ji sauƙi ta daina. Yanzu in na ce mu je asibiti sai tace in daina yi mata fatan ciwo, da yardar Allah zai wuce, sai maganin da take saya wurin masu talla a mota. Ya zan yi da ita?
Ƴarki daga Sabon Zango

AMSA

Ƴata wannan ba na jira bane. Hawan jini yakan zauna a jiki shiru mutum yana jin garau, jin sauƙin da tayi maganin ne yake aiki, ba warkewa bace, kuma barin shi yana kai wa ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ko na zuciya. Ƙarfin zuciyar Mma abu ne mai kyau kar ki yi faɗa da shi, kar ki tsorata ta da maganar mutuwa, ki ce mata so kike ta ga auren jikokinta da ƙafarta. In akwai yayanta ko wata ƙawa da take jin maganarta ki sa su baki.

Gobe da safe ki raka ta kantin magani mafi kusa a gwada, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce ku wuce asibiti a ranar, ku tafi da kwalin tsohon maganin da kwalbar na motar duka likita ya gani. In katin inshorar lafiyarta ya mutu ki danna *929# a wayarki ki sabunta ta momo. In kuma kika ga bakinta ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da tsakar dare ne kar ki tsaya shafa mata komai, ki nemi mota ku tafi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye. Allah ya ba Mma lafiya, ki rubuto min abinda likita yace.